Kafin Alƙalami da Tukwici: Tarihin Gyaran Hali a Bakin Dajin Rugu

A ƙofar gidan malam, a Runka ko a Ruma, akwai ranar da karatun allo kan zo da daɗi. Yaro ya durƙusa ya biya wa malam ba tuntuɓe ko ɗaya, malam ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, je ka wanke, gobe za ka shiga Sabbi." Kafin yaron ya kai gida labari ya riga shi. Uwa ta jiƙa wake tun da dare, gari na wayewa sai ga kwanon ƙosai a gaban malam, in gidan da hali har da zakara. A raba wa almajirai, a shafa fatiha, kowa ya san albarkacin wanda ya ci. Yaron da jiya ake fakon sa da tsumagiya, yau shi ne ango.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san bulala tana nan, ba mai musu. Amma abin da ke jan yaro daga babbaƙu zuwa farfaru, daga nan har izu sittin, wani tsani ne da aka jera masa da hikima. Sabbi tana da sadakarta. Surar Amma tana da tata, haka Tabara. In ya raba Alƙur'ani biyu sadakar ta ƙara nauyi, ranar sauka kuwa a yanka rago ko sa gwargwadon ƙarfin uba, a yi wa allo zayyana, a ɗinka sabuwar riga, a zaga da shi gidajen dangi kowa ya sa masa abin da ya sawwaƙa. Tafiya na ƙara nisa, kyauta na ƙara girma. Kuma ba a taɓa soya ƙosan nan kafin malam ya ji biyawa da kunnensa.

Bahaushe ya daɗe da rarrabe irin waɗannan kyaututtuka, kowace da sunanta. Lada na wanda ya gama aiki ne, a duniya ko a lahira. Tukwici na wanda ya iso da saƙo ne. Goron albishir sai an ji albishir ɗin. La'ada sai ciniki ya faɗa. Duk waɗannan a bayan aiki suke zuwa. Akwai kuma waɗanda ke riga aiki: kafin alƙalami, wanda ake ajiye wa malami tun bai tsoma alƙalami a tawada ba, da toshiyar baki, wadda ake bayarwa don kada a yi wani abu. Tarihin ƙasar Batsari da Safana a shekarun nan, in aka dube shi da kyau, yawancinsa rikici ne tsakanin waɗannan iri biyu.

Malaman ƙasar nan ba da ka suke yi ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayanin tarbiyyar yaro a cikin Ihya'u Ulumiddin, littafin da ba ya ɓoyuwa a zaurukan karatu na ƙasar Hausa. Ra'ayinsa shi ne in yaro ya nuna hali mai kyau a girmama shi, a ba shi abin da zai faranta masa rai, a yabe shi a gaban mutane. In kuwa ya yi kuskure sau ɗaya yana ɓoyewa, a kau da kai, kada a tona shi. Ya kuma yi gargaɗi kan yawan faɗa, don kunnen da ya saba da zargi yakan daina jin zafinsa. Ga masu cewa hali zanen dutse ne, Gazali yana da amsa: da hali ba ya canzawa, da wa'azi da nasiha duk sun zama aikin banza.

Su ma sarakuna sun san wannan hanya. Bayan da masu jihadi suka karɓi Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya koma arewa ya kafa Maraɗi, aka shafe kusan ƙarni ana kai hari ta cikin dajin Rugu. Ƙasar Ruma ce bakin daga, kuma har yau hakimin Batsari Sarkin Ruma ake ce masa, kamar yadda hakimin Safana yake Yariman Katsina. Mayaƙa irin su Ɗan Waire da takobi suka yi suna a wannan yanki. Doki da riga da rawani da sarki kan bayar, sai an dawo daga fagen fama, mutane sun shaida abin da mutum ya yi.

A can wata duniya, a 1898, wani ɗalibi Ba'amurke mai suna Edward Thorndike ya riƙa kulle kyanwa mai jin yunwa a cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Da fari sai ta yi ta yaƙushi da kai-kawo har ta taka abin buɗe ƙofa bisa kuskure. Da aka yi ta maimaitawa, lokacin fitarta ya riƙa raguwa, har ta kai da an sa ta sai ta nufi wurin kai tsaye. Daga nan ya fitar da ƙa'idarsa, cewa aikin da daɗi ya biyo bayansa yakan maimaitu. B. F. Skinner ya ɗora a kai da ɓeraye da tattabaru, ya fitar da littafinsa na farko a 1938. Ya nuna cewa ladan da ya zo nan take ya fi wanda aka jinkirta tasiri nesa ba kusa ba, kuma ana gina babban hali ne ta hanyar saka wa ƙananan matakai ɗaya bayan ɗaya. Game da horo, abin da ya gani shi ne yana danne hali muddin mai bulala na tsaye, ba ya koya wa wanda aka hora abin da zai yi a madadinsa.

Gwajin da ya fi dacewa mutumin Batsari ya sani an yi shi ne a wani asibitin masu taɓin hankali a garin Anna, jihar Illinois, a farkon shekarun 1960. Teodoro Ayllon da Nathan Azrin sun tarar da ɗakin mata waɗanda suka shekara da shekaru a kwance, wasu ko wanka sun daina. Sai suka ƙirƙiro wasu kwabbai na cikin gida. Wadda ta gyara gadonta, ko ta taje kai, ko ta taya rabon abinci, ko ta yi wanki, a take ma'aikaciya za ta miƙa mata kwabo. Da kwabban za ta sayi abin marmari a kantin asibiti, ko ta zaɓi ɗakin kwana, ko ta fita shan iska. Matan da aka fid da rai da su suka tashi suna aiki.

Daga nan masu binciken suka juya abin. Na tsawon kwana 20 aka riƙa raba kwabban tun da safe, kowa ta samu rabonta ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Kwabban ba su ragu ba, kantin ma yana nan. Cikin 'yan kwanaki aiki ya faɗi har kusan babu. Da aka mayar da sharaɗin, sai an yi a samu, aiki ya dawo yadda yake. Ashe ba kyautar ce ke gyara hali ba, igiyar da ta ɗaure ta da aikin ce. Sun buga sakamakon a 1965, littafinsu ya biyo baya a 1968, tsarin ya bazu zuwa asibitoci da makarantu.

A farkon shekarun 1990 Stephen Higgins na Jami'ar Vermont ya gwada hanyar a kan masu shan hodar iblis, waɗanda babu wata ƙwaya da ke raba su da ita. Sau uku a mako ake gwada fitsari. In ya fito da tsabta, a ba mutum takardar sayayya ta dala biyu da rabi. Gwaji na gaba in ya sake fitowa da tsabta, a ƙara dala ɗaya da kwata, haka abin zai yi ta hawa, har wanda bai yi tuntuɓe ba cikin mako 12 ya tara kusan dala 1,000. Wanda ya koma ya sha kuwa, ba zagi ba duka, sai dai lissafinsa ya koma farko. Ba a ba da tsabar kuɗi, takardar ake canzawa da kaya. A binciken da suka buga a 1994, kashi 75 cikin ɗari na masu karɓar takardar sun kammala mako 24 na jiyya, a ɗaya rukunin kuwa kashi 40 ne. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta amince da hanyar a 2007, jihar Kalifoniya kuma ta fara biyan kuɗinta daga asusun lafiyar talakawa a 2023. Malamin allo na Runka da za a karanta masa tsarin Higgins, da ya gane shi sarai: a biya tukuna, a wanke, sadaka ta ƙaru, wanda ya manta kuma ya koma baya ya yi tilawa.

Abin baƙin ciki, da bala'in ƙwaya ya iso ƙasar Hausa, ba wannan gadon aka ɗauko ba. Kodin da tiramadol sun ci matasa maza da mata, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a watan Mayu na 2018, bayan wani rahoton BBC. Iyayen da abin ya fi ƙarfinsu, ga asibitin ƙwaƙwalwa ya yi musu nisa da tsada, sai suka nufi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. A watan Oktoba aka buɗe wani a Daura aka fito da 67, aka rufe wani a cikin birnin Katsina. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, neman mafita suke. Amma mari yana riƙe ƙafa ne kawai, ranar da aka kwance shi yaron zai fito da ƙishirwarsa, ga kuma tabon duka da ƙullaci a zuciya.

Inda hanyar lada ta samu shiga a hukumance a jihar Katsina shi ne wajen rigakafi. Tun 2006 masu ɗigon shan inna suka fara haɗawa da sabulu da gidan sauro da maganin tsutsar ciki don a buɗe musu ƙofa. Daga baya ƙungiyar New Incentives ta zo da tsarin da ya fi wannan tsauri. Uwa ta kawo jariri asibiti, a yi masa allura, ma'aikaci ya duba kati, ya duba dantsen yaron ko akwai tabon lamba don kada a kawo ɗa ɗaya sau biyu, sannan ya ce, "Ga naki, Inna, sai wata mai zuwa," ya ƙirga mata kuɗi a hannu tun ba ta goya shi ba. A lokacin gwajin, naira 500 ce a kowace ziyara huɗu ta farko, sai naira 2,000 ranar allurar ƙyanda da ke zuwa a wata tara, wadda iyaye suka fi mantawa da ita. An auna tsarin daga 2017 zuwa 2020 a asibitoci 167 na Katsina da Zamfara da Jigawa, aka tarar yaran da suka kammala rigakafi sun kusa ninkawa a inda ake biya. Naira 500 ba ta sa kowa arziki. Ta dai biya kuɗin babur da asarar sana'ar yini, kuma ta zo a ranar.

To, sai babban gwaji, wanda aka yi da rayukan mutane.

Dajin Rugu, wanda ya ratsa Safana da Batsari da Ɗanmusa da Jibiya har ya haɗe da dazukan Zamfara, makiyaya ce tun da daɗewa. Satar shanu ta yi ƙamari a cikinsa a farkon shekarun 2010, 'yan sa-kai suka tashi, ramuwar gayya ta biyo baya, har abin ya rikiɗe ya zama satar mutane. Gwamna Aminu Bello Masari, wanda ya hau mulki a 2015, ya gwada afuwa, aka yi bikin ajiye makamai a Ƙanƙara a farkon 2017. Yana da abin koyi a gida, domin ɗan Katsina ne, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009, aka sa musu alawus na naira 65,000 a wata. Bayan bikin Ƙanƙara an ɗan samu lafawa. Amma yarjejeniyar ta rataya ne a wuyan mutane ƙalilan, da aka kashe jagoran 'yan bindiga Buharin Daji a watan Maris na 2018 sai igiya ta tsinke.

A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma a 'Yargamji ta Batsari, mutanen gari suka ɗauko gawa 18 suka kai har ƙofar fadar Sarkin Katsina don a gani da ido. A watan Satumba gwamna ya shiga ƙananan hukumomin bakin daji da kansa, har da Safana da Batsari, ya zauna da masu bindiga. Aka saki mutanensu da ke tsare, su ma suka sako waɗanda suka kama. Aka hana 'yan sa-kai, aka yi alkawarin makarantu da asibitoci da madatsun ruwa. Ranar 14 ga Fabrairu, 2020, aka afka wa Tsauwa da Ɗankar a ƙasar Batsari, aka kashe mutum 30, aka ƙona gidaje da rumbuna. A watan Yuni gwamnan ya fito ya ce an ci amanarsa, ba zai sake sulhu ba.

Wanda ya san labarin asibitin Anna ba zai yi mamaki ba. Abin da ke hannun gwamnati na nan take, wato afuwa da sakin fursunoni, an bayar da shi tun ranar farko, kafin alƙalami ke nan. Abin da ya rage, makaranta da dam, alkawari ne na shekara mai zuwa, wanda ba shi da rana. Babu mai gwadawa sau uku a mako, babu wanda ya san adadin bindigogin da ke daji balle ya san kashi nawa aka miƙa. Wanda ya cika alkawari da wanda ya karya duk inuwa ɗaya suka sha. A Zamfara, Gwamna Bello Matawalle ya yi tayin shanu biyu kan kowace AK-47 a watan Yuli na 2020, tayin da ke saka wa miƙa ƙarfe sau ɗaya, ba zaman lafiya na wata da watanni ba. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, waɗanda aka sako 344 bayan kwana shida, ya rantse da Alƙur'ani ya miƙa bindigogi a Gusau a watan Fabrairu na 2021. Kafin watan Afrilu ya ƙare ya koma daji, a can aka kashe shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Duk tsawon lokacin nan akwai wani tsarin lada da ke aiki ba fashi, kuma ya cika kowace ƙa'ida ta Skinner. Kuɗin fansa yana zuwa bayan aiki, yana zuwa da wuri, yana ƙaruwa in an ƙara ƙeta. Harajin da ake ɗora wa ƙauye kafin a bar shi ya yi shuka ko girbi haka yake. Ba wanda zai ga laifin uban da ya sayar da gonar rogonsa don ya fanso 'yarsa, ko waye a matsayinsa haka zai yi. Sai dai kowace jaka da aka kai bakin daji darasi ce ga yaro ɗan shekara sha biyar da ke riƙe da babur yana kallo. Alkawarin dam ba zai yi gogayya da wannan ba.

Masu sukar hanyar lada suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun nuna cewa yaran da ke son zane don kansu, da aka yi musu alkawarin kyauta a kansa, sha'awarsu ta ragu bayan an janye kyautar. Masu jiyyar ƙwaya ma sun san wasu kan koma ruwa in takardar sayayya ta ƙare. Makarantar allo ta warware wannan ta hanyarta: ƙosai na ƙaramin yaro ne, kafin ya girma an musanya masa shi da abin da ba ya ƙarewa, wato sunan alaramma, da jan baƙi a tafsiri, da niyyar neman lada wajen Allah. Ɗan bindigar da ya ajiye makami kuwa, in babu garke, babu burtali, babu kasuwar da zai shiga ba tare da fargaba ba, babu abin da za a musanya masa da shi.

Sukar da ta fi nauyi daga bakin waɗanda aka zalunta take fitowa. Matar da aka kashe wa miji a Tsauwa, da manomin da bai taɓa ɗaukar ko gora ba, suna da haƙƙin su tambaya me ya sa mai bindiga ne ake zama da shi a kan tabarma. A asibitin Anna da na Vermont, wanda ake saka wa kansa kawai ya cuta. A bakin Rugu akwai jini a tsakani, kuma tsarin da ya saka wa mai tuba ya manta da mai haƙuri yana koya wa kowa cewa sai da bindiga ake jin kukan mutum.

Bayan sulhu ya rushe an koma ga horo. A 2021 aka rufe wasu hanyoyi da kasuwannin dabbobi, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaro ta al'umma a watan Oktoba na 2023, ya ce gwamnatinsa ba za ta nemi sulhu ba. A 2025 kuma sai ga wani sabon salo: al'ummomi da kansu, da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi, suka zauna da mutanen daji a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Kurfi. Abin da aka ɗora a kan tabarma wannan karon ya fi kusa da hannu, wato a bar manomi ya je gona, a sako waɗanda ke tsare, a bar makiyayi ya shigo kasuwa da asibiti ba tsangwama. Shiga kasuwa abu ne da ake samu kowane mako, ana kuma iya hana shi a mako mai zuwa, kuma masu sa ido su ne mutanen da gonakinsu ke bakin dajin. A hotunan tarukan da suka yaɗu a wayoyi, da yawa daga cikin waɗanda suka zo sulhun suna zaune ne da bindigoginsu a kafaɗa.